Numfashin Yaya Miika

Talata, 4 ga Fabrairu

Sunanmu ya fito. Ina tsakiyar share wa yaran gidan raino majina Renaud manajanmu ya kira, yana ihu kamar wanda gidansa ya kama da wuta. An fitar da sunayen masu takarar lambobin yabo na waƙa na ƙasa, faifanmu ni da Yaya Miika yana cikin rukunin 'yan asalin ƙasa. A birnin Winnipeg za a yi bikin, ƙarshen Maris. Na shiga banɗaki na kulle, na sha kukana, na wanke fuska na fito kamar ba ni ba.

Da na dawo gida na kira Pangnirtung, garinmu can arewa mai ƙanƙara. Na zaci Yaya za ta fasa min dodon kunne da guɗa. Sai cewa ta yi, "To madalla, Kaka." Shi ke nan! Kaka take ce min tun ina zanen goyo, tunda sunan kakarmu Saila na ci, in kuma tana cikin raha jan sunan take yi har ya ba ni haushi. Yau ba ta ja ba.

Na ce, "Yaya, ƙasar nan gaba ɗaya fa ake magana." Ta ce, "Na ji, kunnena ƙalau. Tukunyata na kan wuta." Ta yi tari ta kashe waya.

Juma'a, 7 ga Fabrairu

Ashe da saura. Daren Asabar ake raba yawancin lambobin a wajen liyafa, ba talabijin, namu yana ciki. Amma daren Lahadi, wanda ake nunawa kai tsaye, suna so ni da Yaya mu hau dandamali mu yi waƙar maƙogwaro ta gargajiyarmu kafin makaɗa su shigo. Renaud ya ce akwai waɗanda suka tsufa a sana'ar nan ba su taka wannan dandamalin ba. Wa yake gaya wa? Ni da na yi waƙa a ɗakin karatu ga mutum shida, biyu suna gyangyaɗi.

Na gaya wa Yaya. Can ta ce, "Bari in yi tunani." Tunanin me, don Allah?

Asabar, 15 ga Fabrairu

Ba ta ɗaukar waya. Raina a ɓace yake, ba zan ɓoye ba.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Paulusi mijinta ne ya ɗauka jiya. Ya ce ta ce a gaya min za ta zo. Na ce ita ba ta da baki ne? Ya ce tana ɗinki. Paulusi bai iya ƙarya ba, muryarsa ƙanƙancewa take yi, amma na bar shi.

Yau na je ofishin Renaud muka yi magana ta kwamfuta da Thea, matar da ke tsara shirin Lahadi. Tana da fara'a, irin fara'ar wadda ta riga ta gama yanke shawara. Wai za mu tsaya kafaɗa da kafaɗa mu fuskanci jama'a. Na ce ba zai yiwu ba. Mace biyu ke riƙe hannun juna, fuska da fuska, ɗaya ta ja ɗaya ta bi tana cike gurbin numfashin 'yar'uwarta, har sai wata ta yi dariya ko numfashinta ya yanke. Wadda ta fara tsayawa ita ta faɗi. In muka juya wa juna baya, to me muke yi kuma?

Ta ce, "To yaushe waƙar take ƙarewa?" Na ce, "In wata ta faɗi." Ta yi murmushi ta ce ita minti uku cif take bukata, daga nan ganguna su shigo. Na buɗe baki zan ce mata ta je ta gaya wa kogi yaushe zai tsaya, Renaud ya take min ƙafa a ƙarƙashin tebur. A ƙarshe ta yarda mu fuskanci juna, ni kuma na yarda da minti ukunta. Ba wani abu ba ne, mun sha wuce haka muna wasa.

Ta tambaya wa ya fi ci a cikinmu. Na ce Yaya. Ban gaya mata cewa tun ina yarinya ban taɓa kayar da ita ba, ko sau ɗaya. Yaya tana da wata mugunta, in ta ga na dage sai ta karkace ido ɗaya ta hura hanci, ni kuma in fashe. Na san za ta yi, ina jiran ta yi, kuma duk da haka sai na fashe.

Litinin, 3 ga Maris

Na ce wa Yaya mu ɗan gwada ta waya. Ta ce murya tana makara a waya, ba ya yiwuwa. Gaskiya ne, amma da can mukan yi hakan mu sha dariya. Ta ce ta gama ɗinka mana riguna, farare masu jan baki, in ban ƙara ƙiba da abincin nan Ottawa ba tawa za ta shige ni. Na ji daɗi ta tsokane ni. Abin ya zo yau ina murna an ce min mai ƙiba.

Laraba, 12 ga Maris

Guguwar ƙanƙara a Pang, jirgi bai sauka ba. Yau ya kamata Yaya ta iso mu fara gwaji.

Juma'a, 14 ga Maris

Har yau. Renaud ya kira ya fi a ƙirga, kamar ni ke riƙe da iskar.

Lahadi, 16 ga Maris

Ta iso.

A filin jirgi na ga ta rame, na ce wa kaina sanyi ne da ɗinki. Daga inda ake ɗaukar kaya zuwa mota ta tsaya sau biyu, wai tana gyara igiyar takalmi. Takalmin ba shi da igiya, sai da muka shiga mota na lura.

Ta kawo kifi daskararre daga wajen Paulusi. Muka shimfiɗa kwali a ƙasan kicin muka zauna da wuƙa, kamar a gida. Ni na ci kamar mayunwaciya, ita ta ɗan tsakura. Ta ba ni labarin gari, wa ya haihu, wa ya sayi sabuwar motar ƙanƙara ya jefa ta a rami a ranar. Da muka gama na miƙe na ce, "Tashi, tsohuwa, yau zan rama." Kullum haka nake cewa.

Ta tashi. Na riƙe gwiwar hannunta, ta riƙe tawa. Ta ja da muryar zarto, waƙar da muke kwaikwayon ƙarar zarto, na bi. Da farko lafiya lau, har tsikar jikina ta tashi, na yi kewar abin nan. Sai na fara jin numfashinta a fuskata gajere gajere, gurbin da take bar min yana ƙanƙancewa. Na ɗauka sabuwar dabara ce. Na dage, ina jiran idon nan ya karkace.

Bai karkace ba. Ta tsaya kawai. Ba dariya, ba komai, ta sake ni ta dafa firji.

Na ci Yaya Miika. Tun ina yarinya nake mafarkin wannan rana, har na tsara irin rawar da zan taka. Na tsaya a tsakiyar kicin hannuwana a sake. Na ce, "Da gangan kika yi." Ta ce gajiyar jirgi ce, ta wuce ɗaki. Ruwa dai ba ya tsami banza.

Litinin, 17 ga Maris

Da safe na ji ta a banɗaki tana fesa abin shaƙa. Na tsaya a bakin ƙofa har ta buɗe. Na ce ko ta gaya min ko in kira Paulusi yanzu a gabanta, ta kuma san ba zai jure min ba.

Tarin fukan da ta yi tana ƙarama ne, wanda aka kai ta asibitin kudu saboda shi kafin a haife ni. Ya warke amma ya bar tabo a huhu, yanzu tabon ne ke yaɗuwa. Tun farkon sanyi ta daina iya hawa tudun bayan gidansu. Nas ɗin garinmu ta shirya mata ganin likitan huhu a nan Ottawa bayan biki.

Na yi mata masifa, Allah ya sani na yi. Na ce ni ƙanwarta ce ko maƙwabciya? Me ya sa kowa ya sani sai ni? Ta bari na gama tsaf, sannan ta ce, "Da na gaya miki da kin ce a fasa. Sannan ki yi ta kallona da idon nan da kike kallona yanzu har in mutu. Kawar da shi daga kaina."

Na ce to a fasa ɗin. Ta yamutse hanci, a'a ke nan. Ta ce, "Kakarmu a ɓoye ta koya min, a bayan tanti, don kada malamin coci ya ji. Yanzu an ce in zo in yi a gaban ƙasa duka, sai in ce ina tari? Kaka, ke ce fa kika koya min, ki ji kunya mana." In ta ga dama haka take yi, ta mai da ni kakar gaske don ta rufe min baki.

Mun sake gwadawa da yamma. Ba ta kai rabin minti ukun ba.

Laraba, 19 ga Maris

Na gaya wa Renaud, ba yadda zan yi. Ya cire tabarau ya yi ta murza ido. Ya ce hanya biyu ce. Ko a sa muryarmu da aka naɗa a faifai mu kuma mu riƙa motsa baki, manyan mawaƙa ma suna yi. Ko kuma akwai wata mawaƙiya a Montreal da za ta maye gurbin Yaya, ta iya sosai, gobe ma za ta iya shigo jirgi. Yaya ta zauna a layin gaba a haska ta, a tafa mata.

Ga abin da ba zan gaya wa kowa ba. Ban ce a'a nan take ba. Na ga kaina a dandamali da mai cikakken numfashi, komai ya tafi sumul, an kira mu bukukuwan bazara. Na daɗe ina kallon hoton nan a raina kafin in ce masa ya bar maganar. Da na dawo gida na tarar ta wanke min kwanuka, na kasa haɗa ido da ita.

Juma'a, 21 ga Maris, Winnipeg

Gwajin yau ya tafi yadda nake tsoro.

Zauren da ake wasan ƙanƙara ne aka mayar wurin biki, faɗinsa ya fi garinmu. Iskar ciki a bushe, ga wani hayaƙin ado da suke fesawa don fitilu su yi kyau. Na yi ta faɗa sai da aka kashe shi. Suka liƙa mana makirufo a kumatu, wani ya ɗaga hannu, muka fara. Ta ɗan wuce rabi yau, sannan ta tsaya. Makaɗa suna zaune da sanduna a sama suna jiran lokacinsu, wurin ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙirjin Yaya yana fito a cikin lasifika.

Thea da kanta ta kawo ruwa da kujera. Ba muguwa ba ce, na so a ce muguwa ce. Ta durƙusa gaban Yaya ta yi maganar faifai a hankali. Yaya tana jin Turanci sarai, amma ta juyo wajena ta ce da yarenmu, "Gaya mata ni ba kifi ba ce da zan tsaya ina buɗe baki ina rufewa." Na ce wa Thea yayata ta gode amma ta fi son ta yi da muryarta. Yaya ta ce, "Ban ji kifi a ciki ba."

Na roƙa a ce makaɗa su shigo duk sa'ad da muka tsaya. Thea ta ce ba a hannun makaɗa abin yake ba. Fitilu da kyamarori da gangunan duk na'ura ɗaya ke tafiyar da su bisa agogo, an ɗaure su da shirin da ke gaba da na baya, ba a taɓa su ana saura kwana biyu. In muka tsaya da wuri, kyamara za ta zauna a kan fuskokinmu har lokaci ya cika.

Wato ƙasar nan duka za ta zauna tana kallon yayata tana neman iska.

A mota dabara ta zo min. In na ji ta fara gazawa, sai in fashe da dariya. Ai haka wasan ke ƙarewa tun fil azal. Kyamara ta ga 'yan'uwa biyu suna dariya sun rungume juna, Yaya ta ɓoye fuska a kafaɗata ta huta, ganguna su shigo. Ba wanda ya faɗi sai ni, ni kuwa na saba.

Asabar, 22 ga Maris

Ban ce mata komai ba, wallahi ban ce ba. Muna shan shayi da safe a ɗakin otal ta ajiye kofi ta ce, "Na ga abin da ke ranki tun a mota." Na ce me? Ta ce in daina raina mata hankali, ita ta yi goyona.

"In kika yi min dariyar ƙarya zan gane. Paulusi zai gane. Tsofaffin da za su taru a zauren gari su kalla duk za su gane, su ce an yi wa Miika sadaka a talabijin. In kika yi min haka ba zan ƙara riƙe hannunki ba, ko na warke."

Na ce, "To so kike in kayar da ke a gaban duniya?"

Ta ce, "In kin iya. Faɗuwa ba abin kunya ba ne. Ke da kika yi rayuwarki duka kina faɗuwa, kin mutu?"

Na ce in ta sume fa? Ta ce, "Sai ki riƙe ni, ai hannuna yana hannunki."

Ban yi mata alkawari ba. Ta nema, na tashi na shiga wanka.

Lahadi, 23 ga Maris, da safe

Ba mu ci lambar ba. Wasu samari daga arewacin lardin Saskatchewan suka ɗauka a liyafar jiya, kuma sun cancanta, ko da yake jiya ban iya faɗin haka ba. Da aka buɗe ambulan aka kira sunansu sai na ji kamar an watsa min ruwan sanyi. Na yi murmushin da ake yi, na tafa.

Yaya kuwa tafi take yi da ƙarfinta har da guɗa, mutanen teburinmu suna cewa kai, matar nan tana da zuciya mai kyau. Na sunkuya na ce mata ta rage, abin ya yi yawa. Ta nuna min dandamali da haɓa ta ce, "Kin ga matakalar can kuwa?" Na duba. Doguwa ce, ba abin dafawa. Tun da muka zauna ashe ita abin da take kallo ke nan, ni ina can ina maimaita jawabin godiya a raina.

Daga nan na daina jin zafin lambar. Wani zafin ne ya danne shi.

Lahadi, da la'asar

An yi mana kwalliya, riguna sun yi cif. Tana barci a kujera bakinta a buɗe. Har yanzu ban san abin da zan yi ba.

Litinin, 24 ga Maris

Bari in rubuta tun ban fara gyara labarin a raina ba.

Bayan dandamali hayaniya kamar kasuwa, mawaƙan da nake gani a talabijin suna wucewa da masu riƙe musu jelar riga. Yaya ta fesa abin shaƙarta ta miƙa wa Renaud ta ce ya riƙe mata, kada ya sha. Ya yi dariya idonsa ya yi ja. Aka kira sunanmu, mai sanarwa ya murɗe shi kamar yadda suka saba, muka fita.

Ban ga jama'a ba, fitilu sun hana. Zafi kawai da ƙarar tafi. Na riƙe ta, ta riƙe ni. Ta ɗaga gira, alamar i ke nan a wajenmu, ta ja.

Da muryar kogi ta fara, a hankali, tana tattalin iska kamar mai tattalin mai a fitila. Ban taɓa jin ta yi kyau haka ba, ko kuwa tsoro ne ya buɗe min kunne. Muka wuce inda ta tsaya a kicin. Muka wuce inda ta tsaya ranar gwaji. Har na fara cewa a raina ko za ta kai.

Sai yatsunta suka fara nutsewa a hannuna. Gumi ya sauko mata ta gefen kunne, leɓenta ya canza launi, gurbin da take bar min ya zama ɗan mitsitsi. Na haɗa dariyar, ta zo min har kumatu, saura in sake ta. Yaya tana cikin waƙar, ba ta fasa ko numfashi ɗaya ba, ta yamutse min hanci.

Na haɗiye. Na ci gaba.

Can da ƙarfinta ya zo ƙarshe, sai ta karkace ido ɗaya ta hura hanci. A gaban ƙasa duka! So take ta ci ni, har a lokacin so take ta ci ni. Da na yi dariya a nan da halal ce, ba wanda zai ce sadaka. Na nemi dariyar, Allah ya sani na neme ta ko'ina a cikina, babu. Fuskar da ta yi shekaru tana kayar da ni da ita, na kalle ta sai hawaye.

Ban tsaya ba. Ita ta tsaya.

Ban san tsawon shirun ba, Renaud ya ce bai kai yadda nake zato ba. Ta jingina goshi a kafaɗata, nauyinta duka a hannuwana, ƙirjinta yana fito, makirufo yana kai wa kowane gida. Na ga jar fitilar kyamara a kanmu. Ban rufe ta ba, ban juyar da ita ba, na riƙe ta kawai kamar yadda ta ce. Sannan ta ɗago, ta kama wuyan hannuna ta ɗaga sama, ta ce da yarenmu, kalma ɗaya ɗaya tana hutawa, "Ƙanwata ta ci ni."

Ganguna suka shigo.

A baya ma'aikatan lafiya suka sa mata abin iska a fuska. Thea ta zo da gudu ta rungume mu ta koma da gudu. Paulusi ya kira, ba a jin maganarsa saboda ihun zauren gari, abin da na tsinta kawai wai wata tsohuwa ta ce ai tun tuni ya kamata a yi wa Miika haka. Yaya ta ɗaga abin fuskar don ta yi dariya, tari ya sarƙe ta, aka mayar mata.

Renaud ya ce wayarsa ba ta huta ba tun jiya. Ni dai ban san ko na kyauta ba. Hannuna duk shatin yatsunta ne.

Alhamis, 27 ga Maris, Ottawa

Mun ga likita. Ba ya warkewa, ana dai rage masa gudu. Za ta zauna wajena har a gama gwaje-gwaje, an ba ta tukunyar iska ta gida. Ta tambaye shi waƙa fa? Ya ce ta yi haƙuri da ita. Ta ɗaga gira kawai. Ni ce na tsaya ina gardama da mutumin kamar shi ya ɗora mata, har ta ja min riga.

Laraba, 2 ga Afrilu

Renaud ya sake kawo maganar ta Montreal ɗin, saboda bukukuwan bazara. Na ce masa ni mai bi ce, ban taɓa ja ba, kuma bayan mutum ɗaya na iya bi. Na kashe wayata.

Ba wani abu yau. An yi rana, ƙanƙara ta fara narkewa a bakin titi. Yaya tana kwance a doguwar kujera da robar iska a hanci tana kallon masu gasar toya burodi, tana zaginsu ɗaya bayan ɗaya.

Ina wanke kwanuka ne, ban ma san na fara ba. Muryar kogi. Sai da na yi nisa na lura ba wurina nake yi ba, nata nake yi, ina ja ina barin gurbi. Na ji ta rage ƙarar talabijin. Na yi kamar ban ji ba.

Ta ce, "Kin cika sauri. Mai binki za ta shaƙe."

Na ce ba mai bina, wanke-wanke nake yi.

Ta ce, "To. Rage dai."

Na rage. Ta shigo a gurbin, sau biyu ko uku, can ƙasa ƙasa, sannan ta bari. Ban juyo ba. Na ci gaba da ja ina barin wurin a buɗe har na gama tukwane.